In Malam Ya Ce "Ku Dubi Allo", Ina Makaho Zai Duba?

Duk wanda ya taɓa zama a ajin kwalejin horon malamai ya san wannan darasi. Malam zai juya wa ɗalibai baya, ya zana layuka biyu a allo, ɗaya bisa ɗaya, ya yi wa na sama ƙahoni masu buɗewa waje, na ƙasa kuwa ya yi masa masu lanƙwasowa ciki kamar kan kibiya. Sa'an nan ya juyo, ya kaɗe alli daga hannunsa, ya ce, "To, wanne ya fi tsawo, wannan ko wancan?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Na sama, Malam!" Sai ya sa ma'auni ya gwada, a tarar ashe tsawonsu ɗaya ne. Nan take aji ya fashe da dariya, kuma babu wanda zai sāke mantawa da darasin.

Wani Bajamushe mai suna Franz Müller-Lyer ne ya fito da wannan zane a 1889, kuma har yau da wuya a buɗe littafin ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, ba a tarar da shi ba, gama da shi ake nuna wa ɗalibi cewa ido yakan ruɗi mai shi. To amma mai karatu ya ɗauka cewa a benci na gaba akwai wani saurayi makaho. Da sassafe ya taso daga unguwar Tudun Wada a cikin birnin Sakkwato, ƙanensa ya raka shi bakin titi, ya biya kuɗin mota kamar kowa, kuɗin makaranta ma ba a rage masa ko kwabo ba. Ya ji tambaya, ya ji amsa, ya ji dariya. Abin da ya samu daga darasin duka bai wuce kalmomi biyu ba, "wannan" da "wancan". Ranar jarrabawa kuwa za a tambaye shi yadda za a tambayi kowa.

Wani zai ce ai sai ya zaɓi fannin da babu zane a ciki, kamar Hausa ko tarihi ko ilimin addini. Hakan ba ya fid da shi. A ƙasar nan takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da ake bukata kafin mutum ya zama malami, kuma duk ɗalibin NCE, ko wane fanni ya ɗauka, tilas ne ya bi ta darussan sanin makamar koyarwa, waɗanda a cikinsu akwai ilimin halayyar yara da girmansu, da yadda ɗan Adam yake koyo, da gwaji da aunawa. Haka abin yake ga mai neman digirin ilimi a jami'a. Koyarwa kuwa tana cikin 'yan ayyukan da makaho mai ilimi ya fi samu a Arewa. Saboda haka wannan darasi ƙofa ce da ba ta da kewaye: wanda ya kasa wuce ta, ko ya koma gida, ko ya yi ta maimaita shekara har kuɗi da haƙuri su ƙare.

A Sakkwato maganar ba ta nesa ba ce. Akwai makarantar musamman ta gwamnatin jiha mai ɗauke da sunan Abdul Rasheed Adisa Raji, wanda ya yi kantoman mulkin soja a jihar daga 1996 zuwa 1998, inda ake koyar da makafi da kurame. Akwai Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ta soma a 1970 a matsayin babbar kwalejin horon malamai, akwai kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawar shiga manyan makarantu a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko keken rubutu ko kwamfuta. Wato dai an buɗe ƙofar shiga. Abin da ya rage shi ne cikin ɗakin, inda aka jera kaya bisa ga bukatar masu ido kaɗai.

Gaskiya ne akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, wadda aka buɗe a 1977, akwai kuma sassan ilimin musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. Amma daga Sakkwato zuwa Oyo tafiyar yini guda ce cur a mota, ga harshe dabam, ga abinci dabam, ga kuɗin ɗalibi da na jagoransa. Iyaye nawa ne a Tudun Wada ko Mabera ko Gagi za su iya tura makauniyar 'yarsu can? Mafi yawa makarantar da ke kusa da gida za su nema, kuma malamin da zai karɓe ta mai yiwuwa bai taɓa koyar da makaho ba tun da ya fara riƙe alli.

Abin Da Gindiri Ta Riga Ta Nuna

A ƙasar Hausa an daɗe da yanke wa makaho sana'a tun kafin ya yi wayo: sanda, ƙoƙo, da yaro jagora. Har sarauta aka yi wa abin, kusan kowane babban gari da Sarkin Makafinsa. Yawansu ma ba kaɗan ba ne. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, yanar ido ce kan gaba wajen jawo ta, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda za a iya hanawa ne ko a warkar. A wajen yara kuwa, ƙyanda da rashin abinci mai gina jiki da magungunan da ake ɗiga wa ido ba bisa ƙa'ida ba sun daɗe suna ɓarna.

Masu bishara na farko sun taɓa wannan matsala ta fuska biyu. Mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA, mishan ta SUM kuma ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, a ƙasar Filato, a 1953, wadda ita ce ta farko irinta a Nijeriya. Daga cikin yaran da suka bi ta Gindiri akwai marigayi Bitrus Gani-Ikilama, wanda aka haifa a Donga a 1944, ƙyanda ta makantar da shi yana ƙaramin yaro. Da ya gama makarantar makafi sai aka sa shi sakandaren maza ta Gindiri, ya zauna aji ɗaya da masu ido. Daga nan ya tafi Landan ya koyi aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya dawo ya yi shekaru yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa ƙungiyar Hope for the Blind a Zariya a 1976. Ya rasu a 2011.

Mai karatu ya lura da fannin da Bitrus Gani ya karanta. Aikin gashin ƙashi cike yake da sanin ƙasusuwa da tsoka da jijiyoyi, abubuwan da sauran ɗalibai ke koyo daga hotuna. Shi da hannu ya koye su, domin an sami malamai da suka miƙa masa abin a hannu. In har ƙirar jikin mutum duka ta koyu ta haka fiye da shekara hamsin da suka wuce, ban ga dalilin da zai sa a ce layuka biyu na kan allo sun gagara ba.

Ruɗin Da Hannu Ma Yake Yi

Mu koma ga layukan nan. Malam ya sami kwali, ya manna tsinken tsintsiya biyu masu tsawo ɗaya, ya yi musu ƙahoni da ashana. Ya miƙa wa ɗalibin ya shafa da yatsa. Abin mamaki shi ne, masu bincike sun gano tun shekarun 1930 cewa hannu ma yakan ruɗu da wannan zane kamar yadda ido ke ruɗuwa, har a wurin waɗanda aka haifa da makanta. Ke nan ɗalibin ya shiga darasi da kansa, ba labari aka ba shi ba. Daɗin daɗawa aji duka ya sami tambaya mai nauyi wadda allo kaɗai ba zai haifar ba: in wanda bai taɓa gani ba shi ma ya ruɗu, to a ina ruɗin yake, a ido ko a ƙwaƙwalwa?

Irin waɗannan gwaje-gwaje suna da yawa, kuma ba sa cin kuɗi. Akwai wanda aka sani tun zamanin Aristotal: mutum ya ɗora yatsan tsakiya a kan ɗan ali ya harɗe su, ya mirgina ƙwayar gyaɗa tsakanin kawunansu, sai ya ji kamar gyaɗa biyu ce. Akwai na likitan nan Bafaranshe, Charpentier, na 1891: a zuba yashi mai nauyi ɗaya a ƙaramin gwangwanin madara da babban gwangwani, duk wanda ya riƙe su a hannu zai rantse ƙaramin ya fi nauyi. Akwai na Weber na 1834, wanda tsinken sakace biyu sun isa a yi shi: a kan ɗan yatsa mutum yakan rarrabe tsini biyu ko da tazararsu ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba, amma a gadon baya sai tazarar ta kai wajen santimita 4 kafin ya san biyu ne. Akwai kuma na kwano uku, ɗaya ruwan zafi, ɗaya ruwan randa, na tsakiya mai ɗumi-ɗumi. A sa hannun dama a na zafi, na hagu a na sanyi, bayan minti ɗaya a tsoma duka biyu a na tsakiya. Hannu ɗaya zai ce ruwan sanyi ne, ɗayan ya ce zafi ne. A duk waɗannan makaho da mai ido daidai suke, in ma aka ce masu ido su rufe idanunsu sai darasin ya fi armashi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa haka ne. A ajin saikoloji kuwa babban abin da ake so ɗalibi ya gane shi ne cewa gani da ji da taɓawa duk saƙo ne suke kai wa ƙwaƙwalwa, ita ce ke fassarawa, kuma takan yi kuskure. Malamin da ya tsaya ga misalan ido kaɗai, har masu idon ma rabin darasi ya ba su.

Sauran zane-zanen ma haka. Maginin tukwane zai iya gina ƙwaƙwalwa da yumɓu, a raba ta sassa huɗu, a yayyafa wa wani sashe yashi, wani gero, wani a manna masa ƙyalle, wani a bar shi sumul. Ƙwayar jijiya ba ta wuce guntun igiya da aka warware bakinta ba, a zura mata gutsattsarin kara a jiki. Layin mantuwa na Ebbinghaus, wanda ya nuna a 1885 cewa mafi yawan abin da aka haddace cikin sa'o'in farko yake zubewa sa'an nan zubewar ta yi sauƙi, ana iya lanƙwasa shi da waya a manna a kwali. Zanen nan mai tudu a tsakiya da ake nuna rabuwar makin ɗalibai da shi, ai siffar malfa ce, sai a kife malfa a tebur a ce ya shafa daga baki zuwa baki. Garin da yara ke ƙera mota da kara, dukawa kuma suna yi wa fata ado mai tudu da kwari, bai kamata a rasa mai yin irin waɗannan kaya ba.

Sai dai akwai abin lura. Ido yana ɗaukar hoto duka a lokaci guda, yatsa kuwa kaɗan-kaɗan yake bi, sai daga baya zuciya ta haɗa. Don haka zanen taɓawa ba ya son tarkace. A cire duk abin da ba dole ba ne, kuma a ba ɗalibin tun kwana ɗaya kafin darasi, ko aƙalla kafin a shiga aji, don kada Malam ya kai shafi na gaba shi yana can yana laluben farkon layi.

Mafi arha duka, kuma mafi wuyar sabo, shi ne gyaran baki. Malam ya daina cewa "wannan" da "nan" da "kamar yadda kuke gani". Ya faɗi abin da yake rubutawa yayin da yake rubuta shi. Ya ce "layin sama", "ɓangaren hagu", "adadi ya tashi daga 10 zuwa 40". In zai yi wa ɗalibin tambaya ya kira sunansa, domin nuni da yatsa ko ɗaga gira ba sa isa gare shi. In an nuna majigi, wani ya zauna kusa da shi yana gaya masa abin da ke faruwa a wuraren da babu magana. 'Yan bencin baya, waɗanda dama ba sa hango allo a ajin mutum ɗari biyu ko uku, su ma za su yi godiya.

Bashin Da Makafi Ke Bin Wannan Fanni

Wani abu da littattafan kwaleji ba su cika faɗa ba shi ne yawan abin da ilimin halayyar ɗan Adam ya koya daga makafi. An daɗe ana mamakin yadda makaho ke sanin akwai bango a gabansa tun bai taɓa shi ba. Bafaranshen nan Diderot ya yi rubutu a kai a 1749, kuma kusan shekara ɗari biyu mutane da yawa suna zaton fatar fuska ce ke jin bangon. A 1944 ne aka warware zancen a Jami'ar Cornell ta Amurka, kuma ɗaya daga cikin masu binciken uku, Michael Supa, ɗalibi ne makaho. Sun lulluɓe wa masu tafiya fuska da hannuwa, amma suka ci gaba da tsayawa kafin su yi karo da allon da aka gitta musu. Da aka toshe musu kunnuwa sai suka yi ta karo. Ashe amsa-kuwwar takunsu suke ji. Duk wanda ya taɓa lura da yadda makaho ke ƙwanƙwasa sanda a lungu ya ga wannan ilimi yana aiki.

A 1996 kuma Norihiro Sadato da abokan aikinsa suka nuna da na'urar hoton ƙwaƙwalwa cewa idan wanda ya makance tun yana ƙarami yana karatu da yatsa, sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda aikinsa gani ne, shi ma yana shiga aikin. Wato wurin bai zauna kango ba, an ba shi sabon aiki. Wannan yana cikin manyan hujjojin da ake kafawa da su yau cewa ƙwaƙwalwa tana sāke tsarinta bisa ga amfanin da aka yi da ita. Yana kuma gyara wani tsohon zance da muke yi, wai makaho da kunne na musamman aka haife shi. Yawan amfani da horo ne ke kaifafa kunnen da yatsan. Yaron da aka ajiye a zaure ba a koya masa komai ba, ba zai sami wannan kaifi a banza ba.

A darasin girman yara ma akwai abin faɗa. Kowane ɗalibin NCE ya san gwajin Piaget, inda ake juye ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo a tambayi yaro ko ruwan ya ƙaru. Yvette Hatwell ta gwada irin waɗannan ayyuka da yara makafi a Faransa, ta buga sakamako a 1966: sun yi jinkiri a ayyukan da suka shafi siffa da sarrafa abu da hannu, amma a tunanin da ake yi da magana sun yi kusan kafaɗa da kafaɗa da masu ido. Wanda zai je ya koyar a firamare ya kamata ya san wannan, don kada ya ɗauki jinkirin yaro makaho a matsayin daƙiƙanci. Haka nan gwaje-gwajen auna basira da suka dogara ga hotuna da jera 'yan katakai ba sa auna komai a wurin makaho sai makantarsa, shi ya sa tun 1930 Samuel Hayes ya gyara gwajin Binet domin makafi.

Amma fa a yi hattara. Kada Malam ya ji daɗin waɗannan labarai ya mai da ɗalibinsa abin nuni, ya ce, "Tashi ka gaya mana yadda kake mafarki." Karatu ya zo yi, ba a kawo shi don a yi karatu a kansa ba. In ana so ya yi magana a kan rayuwarsa, a tambaye shi a keɓe tukuna, in ya ƙi a ƙyale shi.

Lissafi, Takardu Da Jarrabawa

Inda aka fi sallamar makaho tun bai fara ba shi ne ƙididdiga. A nan labarin Abraham Nemeth ya dace. An haife shi makaho a birnin New York a 1918, yana son lissafi, amma masu ba da shawara suka ce masa makaho ba shi da makoma a lissafi. Sai ya karanta saikoloji, har ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia, ya fito bai sami aiki a fannin ba. Ya koma ga lissafinsa, ya ƙirƙiro hanyar rubuta alamomin lissafi da rubutun makafi, wadda aka amince da ita a Amurka a 1952, ya kuma yi shekara 30 yana koyar da lissafi a Jami'ar Detroit. Ya rasu a 2013. Lissafin da ake bukata a darasin gwaji da aunawa bai kai ko kusa da nasa ba: matsakaicin maki ne, da tazarar maki, da dangantakar jarrabawa biyu. Kalkuleta mai magana, wadda yanzu tana cikin wayar hannu, da wake ko tsakuwa da za a jera a faranti, sun isa a fara.

Rubutun makafi kansa, wanda ake kira Birel da sunan Louis Braille, yaron Faransa da ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kawai masu tudu, ana sarrafa su ta hanya 63. Ana huda su da ɗan tsinken ƙarfe a kan allo na musamman, ko a buga da keken Perkins da ya fito a 1951. Yana cin takarda, shafi ɗaya na bugun masu ido yakan zama biyu ko uku, kuma mai karatu da yatsa yawanci bai fi rabin saurin mai karatu da ido ba. Yanzu waya da kwamfuta sun rage wahala ƙwarai. Wayoyin Android suna da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya da murya, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara a 2006, kuma kyauta ake samunta. To amma na'urar rubutu take karantawa, ba hoton rubutu ba. Takardar darasi da aka yi wa hoto sau biyar har ta dushe, sa'an nan aka ɗauke ta da kyamarar waya aka tura, a wurin makaho daidai take da farar takarda. Abin da yake bukata shi ne ainihin abin da Malam ya buga a kwamfutarsa.

A nan wasu malamai kan noƙe, don tsoron kada a yaɗa takardun da suke sayarwa. Tsoron yana da dalili, amma ɗalibin ya biya kuɗin takardar da ba zai iya karantawa ba, adalci shi ne a ba shi wadda zai iya. Game da littattafai kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 kuma ta ba da damar mai da littafi zuwa Birel ko murya domin makafi ba tare da an jira izinin mai shi ba. Kuma kada waya ta sa a yar da Birel. Wanda kunne kaɗai ya dogara da shi ba zai taɓa sanin yadda ake rubuta Piaget ko Freud ba, sunayen da furucinsu dabam, harufansu dabam, ga shi kuwa a jarrabawa rubutawa zai yi.

A jarrabawar ma abubuwa kaɗan ne ake nema, amma tilas a shirya su tun farkon zango, ba da safiyar ranar ba. A ba shi tambayoyi da Birel ko a kwamfuta, ko a sami mai karanta masa wanda ya iya furta kalmomin fannin. A ƙara masa lokaci. A ƙasashe da yawa rabin lokacin ake ƙarawa ko fiye. A ba shi wuri dabam saboda ƙarar keke da muryar mai karatu. In da keken rubutu na masu ido zai amsa, mai tsaron jarrabawa ya riƙa leƙawa, domin in tawadar zare ta bushe, ɗalibi zai iya yin awa uku yana buga farar takarda bai sani ba. Tambayar "zana ka sa sunaye" a mai da ita "bayyana sassa da aikin kowanne", ko a miƙa masa ƙwaƙwalwar yumɓu ya nuna. A aikin lura da yara da koyarwar gwaji, a haɗa shi da abokin karatu: ɗaya ya kawo abin da ya gani, ɗaya abin da ya ji, kowa ya rubuta nasa rahoto.

Abu ɗaya da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne makin tausayi. Malamin da ya ce, "Allah sarki, a ba shi 40 ya wuce," yana ganin alheri ya yi, alhali kuwa gudun aiki ya yi. Ya hana ɗalibin ilimin da ya biya, ya ɓata sunan takardar duk makahon da ya ci da guminsa, ya kuma tura wa yaran wata firamare malamin da bai san aikinsa ba. Hanya ake sauyawa, ma'auni yana nan yadda yake.

Doka ma tana bayan ɗalibin. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce makarantun gwamnati tun daga firamare har jami'a su kasance masu karɓar kowa, su tanadi ma'aikaci mai horo da kayan aiki na musamman. Ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wanda ya cika a Janairun 2024. Iyaye su san da haka, don in sun je ofishin makaranta su je da sanin cewa haƙƙi suke nema.

Sai abin da ya rage a hannunmu, mu jama'ar unguwa da ta ikkilisiya. Ko an ba makaho waya da kwamfuta, babban abin da yake ƙishi shi ne mai karanta masa. Cikin ayyukan da Hope for the Blind ta fara da su a Zariya har da ɗaukar karatu a kaset domin ɗalibai makafi. Yau ko kaset ba a bukata, kowace waya tana ɗaukar murya. A majami'unmu na Sakkwato akwai malamai da suka yi ritaya, da 'yan hidimar ƙasa, da matasa masu jiran sakamakon jarrabawa, da 'yan zumuntar mata da suka yi NCE ɗin nan da kansu. Mutum shida, kowa ya ɗauki awa ɗaya a mako, sun isa su riƙe ɗalibi ɗaya har ya gama zango, ko ɗan ikkilisiya ne ko ɗan maƙwabci Musulmi, kamar yadda asibitin ido na Kano yake karɓar kowa.

Karatun ma yana da ƙa'ida. Mai karatu ya faɗi sunan littafi da babi da lambar shafi kafin ya fara. Ya karanta abin da ke rubuce duka, kada ya taƙaita ko ya tsallake abin da shi yake ganin ba shi da amfani, gama ba shi zai zauna jarrabawar ba. In ya zo ga baƙon suna ya faɗi harufansa ɗaya-ɗaya. In ya zo ga jadawali ya fara faɗin yawan layukansa da kan kowane layi, sa'an nan ya bi su a jere. Ya yanka ɗaukar gajere-gajere, minti goma sha biyar ko ashirin, kowanne da sunansa, don ɗalibin ya iya komawa inda yake so ba sai ya saurari awa guda ba. Kuma a fara tun makon farko da aka raba jerin darussa, domin wanda zai saurari littafi da kunne yana bukatar makonni kafin jarrabawa, ba daren jajibiri ba.